Layin Raken Fintan

A gonakin raken da ke kewaye da Innisfail, in aka ambaci Fintan Darragh, kowa da abin da zai ce. Mai aski yana cewa tun bai fara gemu ba yake ɗaukar bindigogi a ƙarƙashin dankali can ƙasarsu ta Ailan, ya bi ta gaban sojan Ingila da kwandonsa har yana ɗaga musu hula. Fadan cocin garin yana cewa bai taɓa jin muryar da ta dace da waƙar coci kamar ta Fintan ba, kuma bai taɓa ganin ƙafarsa a cocin ba. Masu gonaki har yau ba su huce ba game da yajin aikin da aka yi a kan a riƙa ƙona rake kafin sara, lokacin da ciwon fitsarin ɓera yake kwantar da masu sara, shi kuwa ya hau kan tarago ya yi ta magana har muryarsa ta dushe. Abu ɗaya ne duka suka haɗu a kai: ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba. Alƙalin Ingila da ya ɗaure shi ya nema bai samu ba. Wai ko ƙafarka ya taka, sai dai ya tambaye ka me ƙafarka take yi a ƙarƙashin tasa.

Mutum ɗaya ne ba ya tanka wannan hira, Ottavio, shugaban ƙungiyar masu saran da Fintan ya yi shekaru a cikinta. Su takwas ne. Abin da suka sara a haɗe ake auna shi a raba daidai, saboda haka hannun kowa yana cikin tukunyar kowa. Ottavio da Fintan su ne ke sara kafaɗa da kafaɗa, layi kusa da layi, suna zuba rakensu a tsibi ɗaya. To, a tsakiyar kakar 1937, rana ta ɗaga, Fintan ya soke addarsa a ƙasa a rabin layi, ya ce zai je sayen taba. Ottavio ya ce ya sayo masa ashana. Daga nan ba su sake ganinsa ba, sai wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne ya kawo labarin cewa an gan shi yana zuba gawayi a wani jirgi mai zuwa Turai, zai shiga yaƙin da mutanen Sifaniya suke yi da janar-janar ɗinsu.

Ottavio ne ya ƙarasa wannan layin da hannunsa. Sauran kakar kuma mutum bakwai suka yi aikin mutum takwas, suna fita da duhu suna dawowa da duhu, har ruwan ƙarshen shekara ya tarar da su da rake a tsaye. Tun daga lokacin sunan Fintan bai sake fita daga bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce "mai taban nan".

Ranar ɗaukar ma'aikata ta 1939, Ottavio yana tsaye a ƙofar injin sukari yana neman mutum na takwas, domin wanda ya maye gurbin ya yi aure ya koma kudu. Sai ya ji ana ta shewa daga wajen tasha. Wani ramamme ne yake tahowa, jan gashinsa ya fara fari, kafaɗarsa ta dama ta ɗan zube kamar tana sauraron ƙasa. Ya ratsa mutane ya zo gaban Ottavio, ya sa hannun hagu a aljihu, ya fito da kwalin ashana.

"Layin shagon ne da tsawo, Tavio," in ji shi.

Wurin ya kaure da dariya. Salvu, wani gajere ɗan Malta da ke ƙungiyar, ya rungume shi ya ɗaga shi sama yana cewa ai ko buhun ƙaiƙayi ya fi shi nauyi. Eino, dogon mutumin Finlan da ba ya magana sai an matsa masa, ya cire hula ya sake sawa, ya sake cirewa. Ottavio ya karɓi ashanar ya duba ta gaba da baya. Zuciyarsa ta yi tsalle, ba zai musa wannan ba, amma bai bar fuskarsa ta sani ba. Ya tsaya yana jiran wata kalma guda, ƙarama. Fintan kuwa ya riga ya juya yana gaya wa jama'a yadda mutanen Sifaniya ke zuba man zaitun a kan komai, har a kan takalmi.

Sauran suka ce a ɗauke shi, ba su ma bari an tambaye su ba. Ottavio ya ce ƙa'ida ba ta canza ba: sabon mutum gwaji yake yi har ƙarshen wata, in layinsa yana tafiya da na kowa ya zauna, in yana baya ya nemi wani wuri. Fintan ya ce ai shi ne ya kafa wannan ƙa'ida da bakinsa, shekarar da suka sallami wani malalaci mai kwana a inuwar tarago, don haka ba a buƙatar a karanta masa ita.

A bariki, gidan da masu saran ke kwana, Assunta, matar Ottavio, wadda ke dafa wa ƙungiyar abinci, ta gan shi ta saki ludayi. Ta zage shi da yarensu zagi mai tsawo, ta kama kunnensa ta murɗa, sannan ta zaunar da shi ta cika masa kwano da taliya har tana zuba. Da ya cinye ta ƙara, da ya ce ya ƙoshi ta ce ba ta tambaye shi ba. Da yamma aka fito baranda. Salvu ya ɗauko molonsa, Fintan ya yi musu waƙoƙin Ailan, ya yi na Sifaniya, ya koya musu amshi. Tun a ranar suka laƙaba masa Janar.

"Janar, mutum nawa ka kashe?" in ji Salvu.

"Ƙwarƙwata dai na kashe da yawa. Su ma sun rama."

Ya ba su labarin wani alfadari da aka ba shi ya riƙa kai wa 'yan bakin daga wake, wanda ba ya jin umarni sai da yaren Katalan, shi kuwa Fintan bai iya ba, sai suka yi yarjejeniya alfadarin ya zama kwamanda. Ya ba su labarin wani Bajamushe mai dafa abinci da ya iya mayar da wake ya zama tsakuwa. Aka yi dariya har Eino ya share ido. Ottavio yana gefe yana wasa addarsa da magagari, yana ji. Ya lura duk labaran babu wanda ya kai ƙarshen yaƙin. Ya lura kuma da hannun hagu Fintan ya ɗauki kofin shayi.

Aka fara aiki a gonar wani tsoho da ke lanƙwasar rafi. Da la'asar a ƙona iyakar abin da za a iya sara kashegari, da sassafe a shiga, rake baƙi ƙirin, yana danƙo, kafin hantsi kowa ya zama gawayi in ban da ido da haƙori. A sunkuya a rungumo, a sare a gindi dab da ƙasa inda zaƙin yake, a miƙe a datse kai, a jefa tsibi. Da can Fintan ba ya bin bayan kowa in ban da Ottavio. Yanzu hannun daman nan ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Inda ake sara ɗaya sai ya yi biyu, wani lokaci uku. Wajen lodi kuwa, da ake ɗaukar dami a kafaɗa a hau tsani a zuba a tarago, Ottavio ya ga yana cije leɓe har jini. Bakinsa dai bai huta ba. Daga can baya ake jiyo shi yana tsokanar Salvu cewa gajarta ce ta taimake shi, ba sai ya sunkuya ba, yana cewa Eino ya rage surutu ya dame su.

Kowa yana amsa masa, kowa kuma yana ganin tazarar. Babu wanda ya ce uffan a kanta. In suka kai ƙarshen layi sai kowa ya sami abin yi, wannan ya tsaya wasa adda, wancan ya kwance takalmi yana neman tsakuwar da ba ta ciki, har Fintan ya iso yana huci yana cewa ya tsaya duba musu aiki ne, kuma bai gamsu ba.

Ottavio ya rasa inda zai sa kansa. In ya bi ƙa'ida, ƙarshen wata zai kori mutumin da ba shi da ko'ina, domin babu ƙungiyar da za ta ɗauki mai hannu ɗaya da rabi, kuma masu gonaki sun rantse ba zai sami ko aikin gadin ƙofa a wajensu ba. In ya karya ƙa'ida a fili, Fintan ne zai fara tashi ya yi jawabi a kan cin amanar ma'aikata, ya naɗe bargonsa. Ga kuma haushin da bai tafi ba. Yakan ce wa Assunta shi ba ruwansa, mai taban nan ya ga abin da ya saya wa kansa. Ita kuwa sai ta ce to, ta ci gaba da yanka albasa.

Sai ya shiga wata dabara. In rana ta take ana komawa bariki a ci abinci a kwanta har zafi ya karye, Fintan kuwa da ya sa haƙarƙari a ƙasa ko an harba igwa ba zai ji ba. Ottavio sai ya ce zai je ganin mai gona game da taragu. Ya zagaya ta bakin rafi ya ɓullo ta ƙarshen gona, ya nemi layin Fintan, ya rage masa ɗan kaɗan daga can, ya zuba raken a tsibin da ke kusa. Ba abin mamaki ba ne a ga ƙarshen layi a sare, domin dama akan share wurin don shimfiɗa ƙarfen da taragu ke bi, ga shi kuma rafin ya sa layukan ba tsawonsu ɗaya ba. Yana yi yana zagin Fintan a ransa, kowane sara da zaginsa. Tazarar ta ragu. Fintan ya fara cewa jikinsa yana dawowa, su shirya.

Ranar ƙarshe ta gwaji gonar da suka shiga doguwa ce, rakenta ya kwanta ya sarƙe saboda iskar da aka yi a damina. Kafin a tashi cin abinci Fintan yana baya nesa, waƙarsa ma ta tsaya. Ottavio ya ci abinci da sauri, ya tafi ganin mai gona kamar kullum, ya yi abin da ya saba har ya ɗan ƙara, ya dawo ya kwanta. Cikin gyangyaɗi ya ji Salvu yana cewa zai je duba ƙugiyar da ya ɗana a rafi. Can kuma ya ji takun Eino, wai zai je wanka. Ya ji 'yan uwa biyu na ƙungiyar, mutanen Sisili, suna raɗa. Bai kawo komai a ransa ba, barci ya ɗauke shi.

Da zafi ya karye aka koma. Kowa ya kama layinsa, ba ka jin komai sai ƙarar adda. Ottavio bai yi nisa ba ya ji saran da ke bayansa ya tsaya. Can sai ya ji muryar Fintan, daga gabansa take fitowa, daga inda haske yake.

"Jama'a, ku taya ni murna. Na gama."

Suka fito ɗaya bayan ɗaya ta tsakanin rake. Fintan yana tsaye a fili, adda a rataye a hannu. Layinsa daga nan har bakin rafi babu kara ko ɗaya, ya zama wata doguwar hanya da keken doki zai kusa bi, layukan kowa kuwa suna tsaye dama da hagu ko rabi ba a ci ba. Mutumin da ya fi kowa rauni ya riga gwanayen lardin gamawa, kuma tazarar ba kaɗan ba. Abin da Ottavio ya sare shi kaɗai bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba.

Fintan ya sunkuya ya duba kututturen farko. Duk mai saran rake yana da hannunsa, kuma wanda ya yi shekaru a ƙungiya yana gane saran ɗan uwansa kamar yadda yake gane tarinsa. Ya fara takawa a hankali yana dubawa, su kuma suna biye da shi kamar masu rakiyar gawa.

"Wannan ya karkata hagu," in ji shi. "Bahago ɗaya gare mu. Sannu da wanka, Eino." Eino ya dubi sama. Aka ƙara gaba. "Nan an ci har da ƙasa, kamar alade ya yi tono. Salvu, kifin ya kamu?" Salvu ya ce shi bai san zancen ba, ai a Malta ma akwai masu irin hannunsa. Fintan ya ce lalle, sun yi ƙoƙari da suka iyo daga can. Ya gane na 'yan Sisili, waɗanda suka yi nasu tare, ɗaya yana sara ɗaya yana gyarawa. Ya gane na sauran biyun. Kowanne ya zo ya tarar an ɗan taɓa ƙarshen layin, ya ɗauka sharar da ake yi wa taragu ce, ya ƙara nasa kaɗan ya gudu, yana ganin shi kaɗai ne mai wayo.

Sai suka iso wani ɗan wuri da aka yi wa kaca-kaca. Kututturan sun kai gwiwa, an daddatsa su ta ko'ina, wani ma karya shi aka yi da ƙafa. Fintan ya tsaya ya daɗe. Ya ce ya yi sara da mutanen ƙasa goma sha, bai taɓa ganin wannan hannu ba, ko dai akuya ce ta shigo. Sai aka ji gyaran murya daga bakin gona. Assunta ce tsaye da butar shayi, ta ɗaure yatsa ɗaya da tsumma.

"Da wuƙar nama na yi," ta ce. "In bai yi maka ba, mayar da shi."

Nan fa aka zube. Salvu ya kwanta a toka yana riƙe da ciki. 'Yan Sisili suka fara zargin juna, kowa yana cewa ai shi Uwargida Assunta ta gaya wa da safe, ta ce shi kaɗai ta gaya wa. Ashe duk wanda ta miƙa wa shayin safe sai ta raɗa masa cewa yau ce ranar ƙarshe, kuma ta san shi ne mai zuciya a cikinsu. Har Eino sai da ya yi magana, ya ce shi ma haka ta ce masa, kuma ya ji daɗi. Fintan ya yi dariya tare da su, ta gaske, har ya dafa kafaɗarsa mai ciwo.

Amma ya ci gaba da tafiya har ƙarshe, inda kututturan suke sumul, dab da ƙasa, sara ɗaya ɗaya, babu tsaga. Ya tsaya a kansu. Ya dubi gonar jiya da ke tsallaken hanya, inda ƙarshen layinsa na jiya yake da irin wannan sara, ya dubi ta shekaranjiya. Bai ambaci suna ba. Dariyar ta mutu da kanta. Ya goge addarsa a wando, ya jingina ta a tsibi a hankali, ya kama hanyar bariki.

Assunta ta dubi mijinta, ta nuna hanyar da haɓa. Ottavio ya ce wa sauran rake ba ya sare kansa, sannan ya bi baya.

Ya same shi a baranda yana naɗe bargo da hannu ɗaya da gwiwa, igiyar tana ta kuɓuce masa. Ottavio ya zauna a kan matakala ya ba shi baya. Ya cire hula yana fifita. Shi ba mai iya fara magana ba ne, Fintan ne kullum ke farawa, yau kuwa igiyarsa kawai yake ja. Daga gona ana jiyo ƙarar adduna, da muryar Salvu yana ƙoƙarin tayar da waƙa ba mai amsawa.

Daga ƙarshe Ottavio ya ce Eino yana da adda ta biyu, irin ta bahago, wadda aka lanƙwasa bakinta ɗaya gefen. Ya ce hannun hagun nan lafiyarsa ƙalau, koyo kawai yake so, kuma bahago da mai dama in suka haɗu a tsibi ɗaya ba sa gware, sun fi kowa sauri. Wannan kakar zai yi ta jan ƙafa, kowa ya sani, to sai me. Lodi kuwa a bar wa Salvu, dama shi ba shi da wuya, kafaɗa ce tun daga kunne. Ya ce ba za a sake zagayawa ta rafi ba. Wanda ya gama nasa zai juyo ya shiga layin Fintan da rana tsaka, kowa yana gani.

Fintan ya ce ƙa'ida fa. Ottavio ya ce ƙa'idar ta ce ƙungiya ce ke yanke hukunci, kuma ga hukuncin can a rubuce a gona, mutum bakwai da mai dafa abinci, shi da kansa ya karanta.

Fintan ya bar igiyar ya zauna a kan bargon. Ya yi magana a hankali, ba da muryar kan tarago ba. Ya ce a bakin wani babban kogi ne ƙarfen bam ya shige masa kafaɗa, suna ja da baya, an riga an ci su da yaƙi. Mutum biyu ne suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa, bai san sunansu ba, ba ya jin yarensu. Ɗaya bai kai tsallake ba. Ya ce tun yana yaro yake gaya wa mutane su tsaya da ƙafarsu, ya gaya wa mutanen Ailan, ya gaya wa masu saran rake, ya je ya gaya wa mutanen da ba su ma tambaye shi ba. An ɗauke shi sau ɗaya, ya isa. Kuma ko da zai yarda wani ya sake ɗaukarsa, ba su ba.

"Don me ba mu ba?" in ji Ottavio. "Mun fi ƙyauren ƙofa wari ne?"

"Ka san dalili."

"Ban sani ba. Ni jahili ne, rake na sani."

Fintan ya murza fuska, tokar ta ƙara baje masa. Ya ce ai a jirgi ma yana lissafin inda suka kai, yana cewa yanzu suna gonar tudu, yanzu ruwa ya kusa, mutum bakwai ne. Ya ce ranar da ya tafi ya so ya faɗa. Ya miƙe daga sara ya dubi bayan Ottavio a sunkuye, ya san in mutumin nan ya juyo ya dube shi, ba inda za shi. Shi ya sa ya ce taba.

Ottavio ya juyo a karo na farko. Ya ce shi wa ya gaya masa zai hana shi. Masu baƙar riga, 'yan daban mai mulkin ƙasarsu Ottavio, waɗanda Fintan ya tarar a Sifaniya ya yi faɗa da su, ai su ne suka ɗura wa ƙanensa man gelo a dandalin ƙauyensu, su ne dalilin da ya sa yake saran rake a ƙarshen duniya maimakon ya yi noman inabin ubansa. Da ya faɗa, da an raka shi tasha da molo. Da Assunta ta cika masa jaka.

"Da na ba ka takalmana masu kyau, jakin banza. Da waɗancan yagaggun ka tafi yaƙi. Shekara biyu ina tunanin ƙafarka."

Fintan ya buɗe baki, da alama wata tsokana ce ta taso masa, domin gefen bakinsa ya motsa. Ottavio ya ga tsokanar ta zo, ya ga ta koma. Assunta ta iso da butarta ta tsaya a gindin mangwaro, ba ta matso ba. Daga gona waƙar Salvu ta sami masu amshi, waƙar Sifaniyan nan ce da aka koya musu, suna rera ta a karkace, kowa da yarensa.

Fintan ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi in zai yi jawabi, ya gyara wuyan rigarsa. Ya dubi Ottavio, ya dubi Assunta, ya sake duban Ottavio. Mutumin da ya taɓa yin magana a kan tarago tun hantsi har la'asar ya tsaya yana neman kalma kamar mai lalube a aljihu.

"Tavio," ya ce, "na bar ka a tsakiyar layi, na bar ku da ruwa a kai, ban ko juyo ba. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri, ɗan uwana. Ka yafe mini."